Tsanin da Na Bar wa Eusebio

Shekara talatin da huɗu ina jan jirgin fito
tsakanin tsibirai biyu a arewacin Norway,
inda rana kan yi yaji wata biyu cur,
igiya ta sandare a hannu kamar ƙarfe.
Ran da na ajiye aiki Gunvor ta ce,
"Eilif, ƙasusuwana sun ƙoshi da sanyi,
mu je inda ake shanya kaya su bushe."

Muka sayar da gida, da kwalekwale,
har shebur ɗin kwashe ƙanƙara,
muka sauka Sifen, a bakin teku mai ɗumi.
Farin gida, ɗaki biyu, lemon tsami a tsakar gida.
Ba zan yi wa ƙasar nan butulci ba.
Ta ba ni rana ba awo, da tumatir mai zaƙi,
ta ba ni Eusebio, maƙwabci mai gyaran keke,
da ya koya mini sunan kifi goma,
in na maimaita ya yi dariya har da hawaye.

Shekara tara Gunvor ta sha hantsinta.
A ta goma aka sa ta cikin bangon maƙabarta,
hawa na uku, kamar wasiƙa a akwatin gidan waya.
Sai na taka tsani nake canza mata fure.

Na ce zan zauna, na kuwa zauna,
ina dafa kofi biyu, ina zubar da ɗaya.

Sai santsin banɗaki ya kayar da ni, ƙugu ya tsage.
Tsakar dare a asibiti, Remedios mai jinya
ta sunkuyo tana tambaya ina ke ciwo.
Sifaniyancin da na tara kwabo-kwabo
na laluba na ji asusun wayam.
Abin da ya fito harshen uwata ne,
wanda ta yi mini faɗa da shi ina ɗan shekara biyar.
Yarinyar ta riƙe hannuna, tana gyaɗa kai.
Kirki ne da ita. Ko kalma ba ta gane ba.

Ragnhild, 'yata, ba ta ɓoye mini komai ba:
"Baba, an yi gada, jirginka ya zama tarihi.
Rabin abokanka suna kwance bayan coci.
Haya ta yi tsada, matakala na da santsi."
Na sani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
Amma jikata Tuva ta ɗauka kakanta
wata fuska ce da ke zaune cikin waya,
tana dangwala mini yatsa a hanci in ta gaji da ni.

Jiya na hau tsanin, da sanda, da kyar.
Na ce, Gunvor, ke kin samu abin da kika zo nema,
bangonki na kallon kudu, rana na gasa shi har la'asar.
Ni kuwa ina so in yi rashin lafiya
a inda za a ji abin da nake faɗa.
Ba ta ce komai ba. Da ma haka take in ta yarda,
haka kuma take in ta yi fushi.

Na bar wa Eusebio tsanin da kuɗin fure.
Ya mayar mini da kuɗin, ya riƙe tsanin,
ya cika mini aljihun kwat da lemo.

Tikitina na Janairu ne, tsakiyar duhu.
Kowa ya ce in jira bazara, na ƙi.
Ina so in tsaya a tsohuwar tashar jirgi
ran da rana za ta fara leƙowa ta bayan dutse,
minti huɗu kacal, ba ta ɗumama ko kunne,
yara na ihu kamar an ba su duniya.